Wai jirgin share nakiya lokacinsa ya wuce?

Baban Ummi: Jama'a ni fa abin nan ya ɗaure min kai, jiya na ga hoton jiragen Amurka masu share nakiyar ruwa da ake ce wa Avenger, ashe jikinsu katako ne aka lulluɓe da faiba. Katako fa! Ni a ganina irin jiragen nan ɓarnar kuɗi ne kawai, yanzu da ake da na'urori marasa matuƙi mene ne dalilin cusa mutum wajen 80 a jirgin katako a ce su je neman bam a ruwa.

Injiniya: Haba Baban Ummi, ai katakon ba talauci ba ne, da gangan aka yi. Ba kowace nakiya ce sai an taɓa ta take tashi ba, mai ƙahonni da aka ɗaure da waya tana reto a ruwa ita ce tsohon yayi. Akwai wadda take kwance a ƙasan teku tana jiran ta ji maganaɗisun ƙarfen jirgi, akwai mai sauraren ƙarar inji da farfela, akwai mai jin canjin nauyin ruwa in babban jirgi ya gifta ta samanta. To wanda aikinsa shi ne ya shiga tsakiyarsu ai dole ya zama kamar babu shi. Shi ya sa Ingila ta ƙera jirginta na farautar nakiya HMS Wilton da faiba zalla tun farkon shekarun 1970.

Ɗan Auta: To amma Yallaɓai na Jamus ai ƙarfe ne, Frankenthal, ko ba haka ba?

Injiniya: Ƙarfe ne amma irin wanda maganaɗisu ba ya kamawa, dabarar dai ɗaya ce ƙanina.

Baban Ummi: Na ji maganar katako, na janye wannan. Amma ainihin maganata tana nan, nakiyar ruwa wa take tsoratarwa a yau?

Tsohon Matuƙi: Ɗana, ɗan hakin da ka raina. A Afrilun 1988 jirgin yaƙin Amurka Samuel B. Roberts ya taka nakiyar Iran a Tekun Fasha, ta fasa masa ciki ta karya masa ƙashin baya, da ƙyar ma'aikatansa suka hana shi nitsewa, kuma nakiyar samfurin 1908 ce, wato tsarinta ya girmi kowa a jirgin. A Fabrairun 1991 jiragen yaƙin Amurka Tripoli da Princeton duka biyu rana ɗaya nakiyoyin Iraƙi suka same su. Ka koma baya 1950 a Wonsan ta Koriya, nakiyoyi wajen 3,000 suka tsayar da rundunar Amurka kwana da kwanaki tana zagaye a teku ta kasa sauke sojoji, har jiragen shara biyu Pirate da Pledge suka nitse a wurin. Kuma ba sai ta tashi ba ma, da an ce akwai nakiya a mashigi kamfanonin inshora sun tsawwala kuɗi, masu jiragen kaya sun ja birki.

Baban Ummi: Baba ai ka taimake ni ne ba ka sani ba. Pirate da Pledge da mutane a ciki suka nitse. Shi ne nake cewa a fitar da mutum daga wurin. Beljiyam da Holan sabbin jiragen da suke karɓa na ƙarfe ne manya, suna tsayawa can nesa su saki ƙananan kwale-kwale da na'urorin nutso marasa matuƙi su shiga filin nakiyar, ka ga ke nan su ma masu abin sun gane.

Maman Hanif: Amma Malam wannan ɗin ma ai jirgin share nakiya ne, suna kawai bai canza ba aikin ne ya canza salo. Kai da farko cewa ka yi a daina ƙera su gaba ɗaya.

Baban Ummi: Toh Hajiya kin kama ni a nan, amma ga wata. Ingila ta ba Yukiren jiragen farautar nakiya biyu, Turkiyya ta ce ba za su bi mashiginta su shiga Bahar Aswad ba muddin ana yaƙi, saboda yarjejeniyar Montreux ta 1936. Jirage suna nan an rasa hanyar kai su. Da na'urori ne a kwantena a ɗora a tirela ko jirgin sama gobe sun isa, wa zai tare?

Injiniya: Wannan hujja ce gaskiya, ba zan musa ba.

Tsohon Matuƙi: Ni zan musa rabinta. Kwantenar ta isa, sai me? Na'urar sona, mai leƙen ƙarƙashin ruwa da sauti, ba ta rubuto maka "ga nakiya", wani ɗigo take nuna maka a allo da inuwarsa, ƙila dutse ne, ƙila tsohon anga ko ganga da wani jirgi ya yar shekara talatin da suka wuce, kuma kusa da gaɓa ƙasan ruwa cike yake da irin wannan tarkace, ga laka tana binne abu. Kowane ɗigo sai an tura ƙaramar na'urar nutso SeaFox mai kyamara ko mai nutso ya je ya leƙa ɗaya bayan ɗaya, in ita ce a fasa ta a wurin. Sannan in igiyar ruwa ta tashi ƙaramin kwale-kwalen nan ko sauke shi ba za ka iya ba balle ɗauko shi. Dole dai a sami jirgi a kusa da mutanen da idonsu ya saba da allon nan.

Ɗan Auta: To Baba in laka ta binne ta sona ba ta gani fa?

Tsohon Matuƙi: Sai a koma shara irin ta da, a ja na'ura mai kwaikwayon ƙara da maganaɗisun babban jirgi don a yaudare ta ta tashi. Su ma masu dasawa sun san da haka, akwai wadda ake saita ta ƙyale jirgi na farko da na biyu sai ta ƙirga adadin da aka sa mata.

Baban Ummi: To ai wannan jan ma mara matuƙi zai iya yi Baba, gara shi ya zama na ukun.