Ya zan gyara kuskuren babban malami a guruf ɗinmu?

Malamar Aji Biyar:
Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da kimiyya a wata firamare, muna kuma da guruf na malamai a WhatsApp. Duk daren Lahadi wani dattijon malami, wanda rabinmu ɗalibansa ne, yakan turo tsarin darasin mako da ya sauko daga intanet, kowa ya kwafe a littafinsa. Na makon jiya ya ce duniyoyin da ke kewaya rana tara ne, har da Pluto. Alhali tun 2006 masana taurari suka cire ta daga jerin, saura takwas. Na yi ta jiran wani ya tanka, sai "Allah ya saka da alheri, Baba" kawai ke ta sauka. Ni da kwanakin baya na turo bidiyon Khan Academy, wani shafin koyarwa na intanet, a kan wannan batu, ko tari ba wanda ya yi. Ya zan yi kada a ce yarinya ta yi wa babba tsaurin ido?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam 'yata. Kul, kada ki gyara shi a bainar jama'a. Ki same shi shi kaɗai, ki gaishe shi, ki ce kin ga wani abu da ya rikita ki, ya duba miki. Bari gyaran ya fito daga bakinsa. Mu ma tara aka koya mana.

Malamin Lissafi:
Malama, shirun da suka yi ba duka kunya ba ce. In mai duba makarantu ya zo ya ga littafinki ya bambanta da na sauran, ke za ki sha tambaya. Ga kuɗin data. Takarda tana sauka nan take, bidiyo kuwa sai ya cinye na kwana biyu. A makarantarmu an yi mana rajista a Nigeria Learning Passport, wani dandalin karatu na intanet wanda ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022. Wata uku ba wanda ya leƙa. Ranar da hedimasta ya buɗe shi a ofishin malamai yana yabawa, kafin a tashi har masu cewa wayarsu ta cika sun sauke.

Malamar Aji Biyar:
Na gode Baba, na bi shawararka. Dattijon malamin ya yi dariya, ya ce ashe an kori Pluto bai sani ba. Da yamma ya turo gyara, tare da bidiyon nan nawa. Yanzu kowa sai yaba bidiyon yake yi.