Rediyon motata yana kunne amma sauti ya ɗauke gaba ɗaya

Malamin makaranta, Kawo:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wutar mota. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006, kuma wanda na saya a hannunsa ya riga ya cire rediyon da ta zo da shi, ya sa irin mai allon nan da ake taɓawa. Shekara biyu ke nan ina amfani da shi lafiya lau. Ranar Talata da yamma, bayan an ɗauke ruwa, na taso daga Kasuwar Barci zan koma gida ina sauraron labarai, sai na faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Motar ta girgiza, na ji wata ƙara "ɓas" daga ƙofar direba, daga nan kuma sauti ya ɗauke ɗif. Allon yana haske, lambar tasha tana nunawa, wayata ma tana haɗuwa da shi ta Bluetooth, amma sifikokin guda huɗu duk shiru ko da na ƙure murya. Wani mai sayar da kayan sauti ya kalli allon kawai ya ce rediyon ya ƙone, sai dai in sayi sabo. Hankalina bai kwanta da maganarsa ba, domin ko waya ɗaya bai taɓa ba. Me ya kamata in duba kafin in kashe kuɗi?

Direban Kaduna zuwa Zariya:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ka tabbata ba a danna maɓallin kashe murya ba, ka kuma shiga wurin saitin sauti ka ga ko ba a karkatar da shi gefe ɗaya ba, domin yara sukan yi wannan. Sannan ka duba fis a akwatin da ke ƙarƙashin sitiyari. Idan duk lafiya, ka cire kan batir na baƙar waya na 'yan mintuna ka mayar, don irin waɗannan rediyoyi sukan daskare kamar wayar hannu. Na sha farfaɗo da nawa ta haka. Mai Honda da rediyon asali ne kawai zan ja wa kunne, domin wasunsu suna neman lambar sirri da zarar an cire batir.

Rewaya, Panteka:

Malam, sannu da wannan abu. Shawarar ɗan'uwana direba tana da kyau, sai dai game da fis ina ganin ba can matsalar take ba. Da fis ɗin rediyon ne ya ƙone, da allon ma ba zai kawo haske ba. Inda fis kan yanke sauti ya bar allo a kunne shi ne idan motar tana da amfilifaya ta daban, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, wadda ake ɓoyewa a ƙarƙashin kujera ko a cikin but. Ka leƙa ka gani. Idan akwai ta, tana da nata fis, kuma akwai wata siririyar waya shuɗiya mai ratsin fari da ke fitowa daga rediyo tana ba ta umarnin kunnuwa. Idan wannan wayar ta zame, amfilifayar ba za ta tashi ba ko da wuta tana isa gare ta.

Amma abin da ya fi jan hankalina a bayaninka shi ne ƙarar da ka ji daga ƙofar direba daidai lokacin da ka faɗa ramin. A cikin rediyon akwai ƙaramar amfilifaya guda ɗaya da ke ciyar da sifikokin nan huɗu, kuma an yi ta da hanyar kare kanta: idan wayar sifika ɗaya ta salɓe ta taɓa ƙarfen jikin mota, ko wayoyi biyu suka haɗu da juna, sai ta yanke sautin duka don kada ta ƙone. Shi ya sa laifin ƙofa ɗaya kan sa mota gaba ɗaya ta yi shiru, mai ita kuma ya ɗauka rediyo ya mutu. Wayoyin ƙofar direba su suka fi shan wahala, domin suna ratsawa ta cikin wata roba mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, kuma babu ƙofar da ake buɗewa ana rufewa kamarta.

Ga yadda nake gwadawa. A kashe mota, a zaro rediyon, a raba wayoyin sifika da shi. A mafi yawan rediyoyin da ake sawa daga baya, farare na gaba hagu ne, masu ruwan toka na gaba dama, koraye na baya hagu, masu ruwan shunayya kuma na baya dama, kowane launi waya biyu, ɗaya da ratsin baƙi. Ka sami ƙaramin batir irin na rimot, mai bolt 1.5, ka ɗan taɓa wayoyi biyun a kansa ka ɗauke nan take. Sifika mai lafiya za ta yi "ƙyas". Idan da mitar gwajin wuta, ya fi: sifikar mota yawanci om 4 ce (om shi ne ma'aunin turjiyar wuta), saboda haka mita za ta nuna kusa da haka, kuma tsakanin wayar sifika da ƙarfen mota bai kamata a ga wata haɗuwa ba sam. Daga nan sai a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya ana kunnawa, wadda aka haɗa sauti ya ɗauke, ita ce mai laifin. Idan an cire dukkansu, an jona wata sifika mai kyau kai tsaye, amma har yanzu shiru, to a nan ne za a zargi rediyon, kuma ko a hakan ma ana iya canza abin da ya ƙone a ciki ba sai an jefar da shi ba.

Ina roƙonka abu biyu. Ka daina kunna shi kana ƙure murya har sai an gano wurin, domin kariyar tana da iyaka. Kuma kada ka yarda kowa ya ɗaure maka fis da waya ko takardar kwalin sigari, ko ya sa wanda ya fi na asali lamba. Na ga dashbod ɗin da wannan ganganci ya narkar.

Malamin makaranta, Kawo:

Allah Ya saka muku da alheri. Na bi shawarar direba da farko, ban ga canji ba, amfilifaya ta daban kuma babu. Jiya Asabar na kai motar wurin mai gyaran wuta na unguwarmu, na karanta masa bayanin Malam Rewaya, muka bi shi daki-daki. Da muka raba fararen wayoyin, nan take sauran sifikoki uku suka kama magana. Da ya cire murfin ƙofar direba sai muka tarar wanda ya sa rediyon a baya murɗa wayar kawai ya yi ya naɗe da salatif, salatif ɗin ya saki, tagullar ta yi kore saboda danshin damina, tana kwance a jikin ƙarfen ƙofa. Ya yanke wurin da ya lalace, ya yi masa dalma, ya rufe da roba. Na ce ya buɗe sauran ƙofofin ma, kuma a ta fasinja mun sami irin wannan ɗaurin, shi ma an gyara shi. Ledar da ke tare ruwa a cikin ƙofar direba ta yage daga ƙasa, ita ce zan koma a manna ranar Litinin kafin a sake yin ruwa.