Filasta ko ƙwaya? Ina so in rabu da sigari kafin azumi

Direban Jidda: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 19 ke nan ina shan sigari, kwali guda a rana. Makon jiya ciwon kai ya kai ni mustausaf, wato ƙaramin asibiti, likita ta auna ni ta ce jinina ya hau. Ta tambaye ni yaushe nake kunna karan farko, na ce ina sallame sallar asuba. Ta ce jikina ya kamu sosai, da wuya ƙarfin zuciya kaɗai ya fitar da ni. Ta ba ni zaɓi: filastar nikotin da ake mannawa a dantse, ko ƙwaya ta wata uku. Damuwata tuƙin dare nake yi tsakanin Jidda da Makka, kuma an ce ƙwayar tana sa jiri. Wanda ya taɓa gwadawa ya gaya min yadda ta kaya. In fara yanzu ne, ko in jira azumi?

Abu Fatima: Wa alaikumus salam. Jefar da kwalin yau, ka riƙe asuwaki, ka sha zamzam da niyya. Haka na yi, shekara shida ke nan.

Baba na Sharan Mansur: Ɗana, ni na bi likita, kuma har yau abin yana min ciwo. Na yi awa biyu a layi, da na shiga bai kai minti uku da ni ba. Larabcina na kasuwa ne, shi kuma idonsa na kan kwamfuta. Ya rubuta filasta ya ce in tafi. Bai ce in tsayar da ranar bari ba, bai ce in dawo ba. Sai na manna ta, na ci gaba da busa abina kamar kullum. Zuciyata ta riƙa dukan tara-tara, ga tashin zuciya, na ɓalle ta na jefar. Daga baya na daure kwana goma sha ɗaya ba komai. A rana ta goma sha biyu na daka wa jikata tsawa saboda ta zubar da shayi, yarinya 'yar shekara huɗu, ta ruga ta ɓuya bayan kakarta tana karkarwa. A daren na aika aka sayo min kwali. Yanzu hawa bene ɗaya sai na tsaya sau biyu ina haki. Da ya zauna da ni ya gaya min wannan faɗan alama ce mai wucewa, da ban koma ba.

Maman Khalil: Allah ya ba ka lafiya Baba, kuma ƙofa ba ta rufe ba. Aikin jinya nake yi. Saurin fushi da rashin barci sun fi tsanani a kwana ukun farko, suna lafawa cikin mako biyu zuwa huɗu. Mai shan kwali guda yawanci da filasta mai miligiram 21 na nikotin ake fara masa, ya sauko 14, sannan 7, kullum a sauya wurin mannawa. Ƙwayar kuwa, wato varenicline, ana fara ta mako guda kafin ranar bari, a sha bayan cin abinci saboda tashin zuciya. Wasu tana sa su jiri da mafarkai masu yawa. Malam direba, ka gaya wa likitarka aikin dare kake yi a kan sitiyari.

Abu Fatima: Hajiya, kin taɓa sha ne? Wanda bai san ƙaiƙayin abin ba, a takarda kawai ya sani.

Maman Khalil: Ban taɓa ba Malam, amma na ga ƙirjin waɗanda suka sha. Kai Allah ne ya sauƙaƙa maka naka, ba kowa ke samun haka ba.

Ɗan Jarwal: Ku koma goro kawai, ko ba komai na gida ne. Sai dai da tsadarsa a nan, albashi zai riga sigarin ƙarewa!

Sani Karantina: Ba wannan ƙwayar ba ce, mai suna Champix, aka janye a 2021? Na nema a lokacin na rasa. Filastar dai riyal 70 na saya ta mako guda.

Ɗan Jarwal: 70 a ina? Ni 115 aka ce min a saidaliyya, wato kantin magani, na juya.

Sani Karantina: Ko 115 ɗin ne, lissafa kuɗin kwali bakwai. Tun da aka sa harajin kashi 100 a 2017 sigari ta daina zama abin talaka.

Maman Khalil: Ma'aikatar lafiya tana da asibitocin barin taba. Ku kira 937 ko ku duba manhajar Sehhaty a waya. Ƙanen mijina ya je, bai biya ko sisi ba.

Baba na Sharan Mansur: Shi igamarsa, takardar izinin zama, tana da rai, 'yata.

Musa Hindawiyya: Baba ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Wata biyar igamata ta mutu, kafili, uban gidan da ya ɗauki nauyin zamana, kullum "bukra, bukra", wato sai gobe. Katin ta'min, wato inshorar lafiya, ya tsaya tare da ita. Matata na da ciwon suga, maganinta daga aljihuna yake fita.

Sani Karantina: Namu kamfanin ya sabunta, amma ta'min ɗin mafi ƙanƙanta ne. Ko haƙori ba ya cirewa.

Direban Jidda: Na gode muku duka. Baba, labarin jikarka ya tsaya min a rai, ni ma ina da 'yan mata biyu a gida. Batun azumin fa, ba wanda ya ce komai. Filastar tana karya azumi?

Abu Fatima: Wannan sai malamai.

Musa Hindawiyya: Malam Sani, kai da ka taɓa sauya kafili, sai da yardarsa aka yi ko kai ka shigar da kanka? Don Allah turo min yadda ka bi.