Digirin 'yan wasa a jami'o'in Amurka: shawarwarin da aka bayar

An yi ta ja-in-ja kan ko digirin ɗan wasa a Amurka yana da nauyin na sauran ɗalibai. Akasarin masu magana sun ce ya danganta da abin da ya karanta. Don haka yaro ya zaɓi fanninsa da kansa, kada ya bar wa koci, domin sau da yawa ana tura 'yan wasa kwasa-kwasai masu sauƙi don kada darasi ya ci karo da atisaye.

An daɗe ana magana a kan Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill. Binciken da lauya Kenneth Wainstein ya yi a 2014 ya gano ɗalibai wajen 3,100, kusan rabinsu 'yan wasa, sun yi kwasa-kwasan bogi tsakanin 1993 da 2011. Ba a shiga aji, rubutu ɗaya ake miƙawa a samu maki mai tsoka. Abin haushi, a 2017 NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ba ta hukunta jami'ar ba, wai ai sauran ɗalibai ma sun amfana.

Wasu sun kare 'yan wasan, kuma ina ganin da gaskiyarsu. Dokar NCAA ta ce kada atisaye da wasa su wuce sa'o'i 20 a mako, amma tafiye-tafiye ba sa cikin lissafin.

Ƙasa da kashi 2 cikin 100 na ɗaliban jami'a masu buga ƙwallon Amurka (American football) ke kaiwa NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa. Saboda haka iyaye su tambaya tun kafin sa hannu: tallafin karatun na shekara ɗaya ne ko har kammalawa, kuma idan yaro ya ji rauni za a janye shi?