Kafin a sayi astaxanthin: abin da masana suka jaddada

Astaxanthin jan sinadari ne da ake sayarwa a ƙwayoyi a matsayin ƙari kan abinci. Masana sun fi jaddada rubutun jikin kwalba, domin nan ake yawan ruɗin mutane. A nemi sunan Haematococcus pluvialis, gansakukar ruwan da ake tatso wannan jan sinadari daga gare ta. Na roba, wanda ake haɗawa a masana'anta, galibi abincin kifin kiwo ake yi da shi.

Sai lissafi. Idan an rubuta miligiram 100 na tatsattsen gansakuka mai kashi 5 cikin ɗari, astaxanthin ɗin miligiram 5 ne kacal. Yawancin ƙwayoyi tsakanin miligiram 4 zuwa 12 suke, kuma hukumar lafiyar abinci ta Turai ta ce 8 a rana ba matsala ga baligi.

A mai yake narkewa, don haka ƙwaya mai taushi mai ɗauke da mai ta fi, a sha bayan abinci mai maiƙo. Zafi da haske na lalata shi. Kwalbar da ta kwana a rana a shago, a bar ta. A Najeriya a duba lambar NAFDAC.

Mai juna biyu, da mai shan maganin hawan jini ko na tsinka jini, su fara tambayar likita.