Yadda ake gane ainihin agogon Paul Newman

Masu tara tsofaffin agogo sun yi ta kai-komo kan wace Rolex Daytona (wani nau'in agogon hannu na kamfanin Rolex) ce jarumin fim na Amurka Paul Newman ke ɗaurawa, kuma shawararsu ta fi karkata ga abu ɗaya: kada a dogara da laƙabin da 'yan kasuwa suka ba agogo. A nemi hoton Newman ɗaure da agogon, wanda aka san shekarar ɗaukarsa, a ƙara girmansa, a duba da kyau.

Wadda aka fi saninsa da ita samfuri mai lamba 6239 ce. Zoben da ke kewaye da gilashinta na ƙarfe ne, maɓallanta biyu na gefe kuma dannawa kawai ake yi. In zoben baƙi ne, 6241 ce ko 6264. In har sai an murɗe maɓallan kafin a danna, to an koma 6240, 6263 ko 6265. Sai fuskar tasa 6239 ɗin: fara ce mai ƙananan da'irori uku baƙaƙe, kuma da'irar daƙiƙa tana ɗauke da 15, 30, 45, 60. Nan masu tara agogo suka fi jan kunne, don ana sauya wa agogo fuska a ninka kuɗinsa, abin da ke ɓata min rai matuƙa.

Lambar samfurin tana ɓoye a jikin agogon ta wajen ƙarfe 12, sai an cire madauri ake ganinta. Tasa ta kansa, wadda matarsa Joanne Woodward ta sa aka zana wa saƙo a baya, kamfanin gwanjo na Phillips ya sayar da ita a 2017 kan kusan dala miliyan 17.8.