Shasin FJ45 yana sake tsagewa a gefen walda, ina mafita?

Assalamu alaikum, iyayen gidanmu makanikai da masu walda na Maradi.

Motar Land Cruiser FJ45 ce ta 1978, mai injin fetur 2F, silinda 6, lita 4.2. Inji lafiya lau. Shasi ne ya tsayar da aiki, daidai inda mariƙin sifirin baya na hagu yake. Tsatsa ta shiga tsakanin mariƙin da jikin shasi, ta kumbura har ta ɗaga kan ƙusoshi biyu daga cikin waɗanda kamfani ya dasa. In an ƙwanƙwasa da guduma, ɓawon ƙarfe ne ke zuba kamar ƙanzo.

An yanke wurin da ya ci, kamar santimita 25, an sa faci mai kusurwa huɗu na ƙarfe milimita 4, an yi walda da sandar 6013. Gwaji ɗaya da buhu biyar na gero a hanya mai gargada, sai tsaga ta fito tsaye a gefen waldar, ba a kanta ba. Zargina shi ne ɗinkin da ya sauko miƙe daga sama zuwa ƙasa ya tara nauyi wuri guda.

To, a sake yanka facin da baki mai tsini kamar kifi, a koma sandar 7018? Ko injin waldar garaji na yau da kullum zai riƙe sandar 7018 ɗin?

Sannan ƙusoshin nan, in an huda su an cire, ƙusa mai noti mai lambar ƙarfi 10.9 za ta wadatar, ko sai an ƙara faranti ta ciki? Motar ta cancanci gyaran gaskiya. Allah ya saka da alheri.